Daga kantin uba zuwa kasuwar ƙetare: abin da ke tura kasuwancin gida gaba da abin da ke riƙe masa ƙafa

Ranar 28 ga Yuni, 2025, Alhaji Aminu Alhassan Dantata ya rasu a Abu Dhabi yana da shekara 94, aka binne shi a Madina. Rasuwarsa ta sake tayar da wata tsohuwar tambaya a bakin 'yan kasuwa: yaya aka yi gida ɗaya ya haura shekara ɗari yana kasuwanci har da ƙasashen waje, alhali sau da yawa akan ga babban kanti a kasuwar Kwari ko Singa ta Kano ya fara ramewa tun ba a daɗe da sadakar arba'in ɗin mai shi ba?

Tambayar ta zo a lokacin da ake ta kiran ƙananan 'yan kasuwa su fitar da kaya waje. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, an fara ciniki a ƙarƙashinta a hukumance ranar 1 ga Janairu, 2021. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta canja a 2020. Masu ba da shawara sun kasu biyu: wasu na cewa tsarin iyali ne ke daƙile kasuwancinmu, wasu na cewa shi ne jarin da ya fi kowane jari. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin kalma ɗaya.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kasuwancin gida shi ne wanda iyali ɗaya ke da mafi yawan jarinsa, su ke yanke shawara a kansa, kuma akwai niyyar 'ya'ya su ci gaba da shi. Manomi ya san irinsa da sunan gandu: uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya, uban ke riƙe da mabuɗi, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa kowa aure, sannan a yanka wa kowane ɗa gayaunarsa, wato ɗan filin da zai noma wa kansa. Kanti da yawa a birni gandu ne da aka ɗauko daga gona aka kawo kasuwa.

Fita waje kuma iri uku ce. Akwai mai zuwa Dubai ko Guangzhou ta ƙasar Sin ya saro atamfa da shadda ya kawo Kano. Akwai mai tura riɗi, zoɓo, citta ko fata zuwa wata ƙasa. Akwai kuma mai kafa reshe ko ma'aji a Yamai, Njamena ko Kumasi ya zaunar da mutum a can. Na farko dala yake nema, na biyu takardun inganci da haƙurin jiran kuɗi, na uku kuwa mutumin da za a amince wa ba tare da ana ganinsa kullum ba.

Sai miƙa ragama daga uba zuwa 'ya'ya. Abubuwa uku ne ke sauya hannu: dukiya, ikon yanke shawara, da mutane, wato abokan ciniki da masu ba da kaya bashi saboda sunan maigida. Ba kasafai ukun ke tafiya tare ba. Dukiya tana iya isa hannun magada goma sha biyu, iko ya tsaya a hannun babban wa, mutanen kuwa su bi wani yaron kanti da ya shekara ashirin yana karɓar kiransu.

Ba yau aka fara ba

Bahaushe bai koyi ƙetare iyaka daga littafin Turawa ba. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa, rinannun tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi fice a wannan fatauci, kuma kowannensu dangi ne masu auratayya a junansu. Babu banki, babu inshora, babu kotun da hukuncinta ke bin mutum daga Kano zuwa Asante. Abin da ya tsaya a madadinsu shi ne madugu mai jan ayari, da maigida a zango wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Wanda ya ci amana labarinsa kan riga shi isa gida, ya rasa mai saukar da shi, wani lokaci har ya rasa mai ba shi aure. Zangunan Kumasi da Accra da unguwar Sabo ta Ibadan duk a kan wannan tsari suka ginu.

Tarihin Alhassan Dantata, mahaifin Aminu, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya nuna fuska biyu ta lamarin. Mahaifinsa Ba'agale ne ɗan fatauci, ya rasu 'ya'yansa suna ƙanana, aka raba dukiya, harkar ba ta wuce kai tsaye zuwa gare su ba. Alhassan ya sake ginawa da kansa, kuma abin da ya ɗaga shi shi ne barin hanyar iyaye a daidai lokacin da ta tsufa: ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, zuwa Legas maimakon doguwar tafiyar ƙasa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa, yana aiki da tarin yaransa da ke shiga ƙauyuka da kuɗinsa. A 1929, da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Kafin rasuwarsa a 1955 harkar ta riga ta zama kamfani mai suna, Alhassan Dantata and Sons, wanda ɗansa Ahmadu ya jagoranta, bayan rasuwar Ahmadu a 1960 Aminu ya karɓa. Ɗan'uwansu Sanusi Dantata ya gina tasa harkar, kuma jikansa ta wajen 'ya mace, Aliko Dangote, ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya samu rance a cikin dangi.

Abin lura a nan shi ne gidan bai ɗore ta hanyar maimaita sana'a ɗaya ba. Goro ya ba gyaɗa wuri, gyaɗa ta ba gine-gine da sauran harkoki wuri. Abin da ya wuce daga tsara zuwa tsara shi ne suna, da jarin farawa, da mutanen da za a kira.

Inda amana ke kaiwa, da inda take tsayawa

Har gobe tsohon tsarin yana aiki a inda Hausawa ke zaune. Mai takalma a Ƙofar Wambai yana iya loda kaya zuwa Maraɗi ko Garwa da kiran waya ɗaya, kuɗi su biyo baya ta hannun ɗan canji, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Kamfanin da ba shi da dangi a can sai ya kashe kuɗin lauya da na wakili kafin ya sami abin da wannan ke samu kyauta. Zumunta a ƙafa take, kuma a wannan fage tana rage tsadar ciniki ƙwarai.

Amma a ɗauki mai ma'ajin riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano da ya sami mai saye daga Turkiyya ko Japan. Baƙon bai san mahaifinsa ba, bai san masallacin da yake salla ba. Zai zura ƙarfe a buhu ya ɗebi samfur, ya tambayi yawan danshi da yawan tsakuwa da ƙaiƙayi a cikin ɗari, ya nemi takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona, ya nemi asusun banki da sunan kamfani. Kafin kaya su bar tashar ruwa sai an yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, an cike fom ɗin bayanin fitar da kaya na NXP ta banki, kuma dokar Babban Banki ta wajabta a dawo gida da kuɗin kayan da ba man fetur ba cikin kwana 180. Maigidan da lissafinsa ke kansa da wani ɗan littafi a aljihun riga, wanda kuɗin cefane da kuɗin kaya ke fita daga durowa ɗaya, ba shi da abin da zai nuna, ko da kuwa ya fi kowa gaskiya a layin.

Kuskure a wannan mataki ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Haramcin ya hau kan mai zuba magani barkatai da wanda bai taɓa zubawa ba.

Wannan shi ya sa yawancin kasuwancin gida ke faɗaɗa zuwa inda ake jin Hausa ko ake da ɗan'uwa, su tsaya nan. Idan suka haɗu da kasuwa mai nisa, sukan sayar wa wani kamfani a Legas ko wani baƙo mai takardu, shi ya fitar, shi ya kwashi ribar da ke tsakanin farashin Dawanau da na ƙetare.

Bashi da baƙon hannu

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Fitar da kaya na cin jari mai yawa, domin kuɗi kan kwanta wata biyu ko uku tsakanin sayen kaya da biyan mai saye. Hanyoyin ƙara jari biyu ne, rance ko shigo da abokin tarayya, kuma dukansu suna karo da wani abu da iyali ke darajantawa. Rancen banki na da kuɗin ruwa, wanda 'yan kasuwa da yawa ke gudu saboda addini. Abokin tarayya kuma yana nufin baƙo zai buɗe littafi ya tambayi dalilin da ya sa aka cire miliyan uku don bikin ƙanwa.

Wannan ɗabi'a ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Wani sanannen bincike da aka wallafa a 2007 ya bi tarihin masana'antun matsar man zaitun na iyali fiye da 1,200 a kudancin Sifaniya na tsawon shekara 54. An gano cewa da yawansu sun ƙi shiga ƙungiyar haɗin gwiwa, duk da cewa shigar za ta rage musu haɗarin karyewa, saboda ba sa son iko ya fita daga gida. Masana sun fassara wannan da cewa iyali na lissafa wata riba da ba ta kuɗi ba: suna, iko, da wurin da 'ya'ya za su tsaya. Binciken ya kuma nuna cewa wannan riƙo ya fi tsanani a hannun wanda ya kafa harkar, yana sassautawa a hannun na baya.

Ta fuskar kuɗin ruwa an sami sauyi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, dukansu ba sa mu'amala da ruwa. Fiƙihun Malikiyya ma tun asali ya san ƙiradi, inda wani ke kawo jari wani ya kawo aiki a raba riba. Sai dai bankin Musulunci shi ma banki ne: zai nemi rajista, da tarihin asusu, da lissafin da aka rubuta. Matsalar takarda tana nan ko an kawar da ta ruwa.

Ranar rabon gado

A nan ne aka fi samun rashin fahimta, har wasu ke ɗora wa hukuncin gado laifin rushewar kasuwanci. A duba lissafin da kyau. A ce mutum ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu da mata shida, iyayensa sun riga shi, kuma bayan an biya bashi da wasiyya jarin da ya rage naira miliyan 160 ne. Matan biyu za su raba tumuni, wato miliyan 20, kowacce ta sami 10. Sauran miliyan 140 za a kasa su 14, namiji ya ɗauki kashi biyu mace ɗaya: kowane ɗa miliyan 20, kowace 'ya miliyan 10. Kowa ya sami haƙƙinsa. Amma harkar da jiya ke iya cika kwantena da yawa a lokaci guda, kowacce mai cin kimanin tan 19 na riɗi, yau ta koma hannu goma sha biyu, kuma da wuya rabon mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kwantena guda tare da jiran kuɗinta. Mai saye na ƙetare da ke son kaya a kai a kai zai nemi wani.

Abin da shari'a ta ƙayyade shi ne rabon kowa. Ba ta wajabta a sayar da ma'aji a yanka mota gida-gida ba idan magada baligai sun yarda su ci gaba da tarayya. A nan bambancin rajista ke shigowa. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a idon doka shi da kasuwancin abu ɗaya ne, don haka asusu da yarjejeniyoyi kan tsaya cik idan ya rasu. Kamfani mai hannun jari, irin wanda sunansa ke ƙarewa da Ltd, yana da rayuwarsa daban da ta mai shi. Idan mai shi ya rasu hannun jarin ake gada: a misalin da ya gabata kowane ɗa ya riƙe kashi ɗaya cikin takwas, kowace 'ya da kowace mata ɗaya cikin goma sha shida, ma'aji da asusu da rajistar fitar da kaya suna nan yadda suke.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan hanya. Mutum ɗaya yanzu yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000 ne, kuma an ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa sakataren kamfani. A Nijar, Chadi da Kamaru, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta OHADA ita ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa irin wannan kamfani.

Masu ɗari-ɗari da wannan tsari suna da tasu hujjar, kuma mai nauyi ce. Kuɗi a hannu 'ya mace ta san nata ne. Hannun jari a kamfanin da yayanta ke riƙe da littafinsa, shi ke cewa an ci riba ko ba a ci ba, yana iya zama gado a takarda kawai. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, 'yan ubanci kan sa kowane ɗaki ya fi son a raba kowa ya kama gabansa. Idan akwai marayu ƙanana kuwa, jefa rabonsu cikin harkar da ke iya faɗuwa nauyi ne babba a kan waliyyi. Don haka tsarin hannun jari yana kare magada ne kawai idan akwai lissafin da kowa ke iya gani, da lokacin raba riba da aka sani, da hanyar da mai son fita zai sayar da rabonsa a kan farashin adalci.

Dattawa da matasa

Ɗan da ya yi karatun kasuwanci, ko ya zauna Guangzhou shekara biyu, yakan dawo da shawarar a yi rajista, a ɗauki akawu, a sayi injin tace riɗi, a nemi masu saye ta intanet. Hujjarsa ita ce riba mafi tsoka tana wajen wanda ya kai kaya ƙarshen hanya, kuma baƙin 'yan kasuwa sun riga sun shigo har cikin Kwari da Dawanau suna sayayya da sayarwa da kansu.

Uban kuma ba tsoro kawai ke hana shi ba. Ya ga an rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ya ga an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, kaya suka lalace a kan motoci a Jibiya da Illela. Ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, wanda ya karɓi kaya bashi da dala ya wayi gari bashinsa ya ninka sau uku. Ya ga Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kuma jarin da ɗan ke son a gwada sa'a da shi, shi ne abincin gida mai mutum talatin. Wanda bai ci bashi ba a waɗannan shekaru sau da yawa shi ne ya tsira.

Akan ji ana cewa kashi 30 cikin ɗari ne kawai na kasuwancin iyali ke kaiwa tsara ta biyu, 13 kuma ta uku. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga nazarin masana'antu 200 a jihar Illinois ta Amurka da aka wallafa a 1987, ba a Kano ko Maraɗi aka auna su ba. Ba su kuma lissafa irin abin da aka saba gani a nan, inda kanti ɗaya ke rufewa amma yaransa biyar da aka sallama da jari su buɗe nasu.

Tsakanin matsayin biyu akwai hanyar da gandu ya riga ya sani, wato gayauna. Uba ya ware wani kaso na jari da zai iya jure asararsa, ya ba ɗan ya gwada kasuwar waje da sunan kamfani mai rajista, tun yana raye yana kallo, yana kuma gabatar da shi ga mutanensa. Amfaninta shi ne iko da mutane suna fara wucewa kafin ranar da dukiya za ta wuce. Haɗarinta shi ne sauran 'ya'ya na iya ganin an fifita ɗaya, musamman idan ba a fayyace ko kyauta ce, ko rance, ko ƙiradi ba, kuma ba a kafa shaidu ba.

Waɗanda abin ke shafa

Na farko su ne yaran kanti. A tsohon tsari yaro kan yi shekaru yana hidima ba albashi tsayayye, da fatan ranar da maigida zai yaye shi da jari. Alkawarin a baki yake, kuma ba ya cikin abin da ake lissafawa ranar rabon gado, don haka rasuwar maigida kan bar mutum mai shekara talatin da biyar ba jari ba sana'ar kansa. A kamfani mai rajista zai sami albashi da takardar aiki, amma yaye da jari ba ya cikin tsarin, kuma akawu mai digiri na iya shiga gabansa.

Sai manomi. Mai zoɓo a Jigawa ko mai riɗi a Binuwai yakan sami kuɗin taki tun damina daga ɗan kasuwar da ya san mahaifinsa. Idan gidan ya watse, wannan rancen ya tafi. Idan gidan ya kai ga sayarwa kai tsaye a ƙetare, farashi na iya ɗan ɗagawa, amma za a fara mayar masa da buhun da ke da ƙasa ko danshi, abin da a da akan rage kuɗi kawai a karɓa. 'Yan dako, direbobi da matan da ke tsince zoɓo a ma'ajiyoyi su ma aikinsu ya rataya ne a kan ko kwantena za ta ci gaba da tashi bayan mai ita ya kwanta dama.

Sai zawarawa da 'ya'ya mata, waɗanda a misalin da aka kawo su ke da rabin dukiyar cif, miliyan 80 cikin 160. Ko harkar za ta ci gaba a dunƙule ko za a raba ta ya dogara ne da yardarsu kamar yadda ya dogara da ta maza, kuma a gidaje da yawa su ne ba a taɓa nuna wa littafin kanti ba kafin ranar da malamin rabon gado ya zauna a zaure.